Baɗal, ha'in da tela

Daren Alhamis da ya wuce wuta ta ɗauke a unguwarmu nan Gadarif ta ƙasar Sudan, muka fito da angareb biyu tsakar gida muna shan iska. Angareb shi ne gadon igiya na ƙasar nan. Ɗan yayana ya ce ya samo wa babansa wani tsohon fim ɗin kaboyi a YouTube, don kowa a gidan ya san Yaya da kaboyi. Muka jingina wayar da butar shayi, mutum shida a kan allon da bai wuce tafin hannu ba. Fim ɗin John Wayne ne na 1963, McLintock!, wanda aka shirya don ban dariya. Can wajen ƙarshe sai ga jarumin ya biyo matarsa da gudu cikin gari, jama'a na biye da su suna shewa. Ya kama ta, ya kifa ta a cinyarsa, ya zane ta da ɗan shebur ɗin kwasar gawayi. Bayan nan kuma ita ce ta bi keken dokinsa da gudu ta ɗare, wai an shirya ke nan.

Ƴar Yaya, wadda ta ci sunan Inna har nake ce mata uwata, ko murmushi ba ta yi ba. Tana aji uku a Jami'ar Jazira yaƙi ya raba ta da karatu. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Baffa, wannan ne kuke biyan kuɗinku ku je kallo?" Na ce mata shi ne, da ire-irensa. Ta ce, "To ba mamaki." Ta tashi ta shige ɗaki. Yaya ya miƙa wa ɗansa wayar, ya juya ya fuskanci bango.

Na san abin da take nufi. Tana nufin ba mamaki maza suke yadda suke. Maganar ta hana ni barci, domin tana da gaskiya a wani gefen, a wani gefen kuma ta zalunci mutumin da ke kwance yana kallon bango, kamar yadda ni ma na daɗe ina zaluntar wani mutumin.

A Wad Madani muka taso. Kakanmu ya taho da ƙafa a hanyar hajji, ya tsaya tsinkar auduga a gandun Jazira don ya tara guzuri, kafin guzurin ya taru ya riga ya tara iyali. Silimar zamaninmu ba ta da rufi. Katanga ce huɗu da farin bango, sama kuwa taurari. Masu kuɗi suna zama a baya, wurin da ake kira loj, mu kuma muna gaba a kan benci, a sha'ab, inda sai ka ɗaga wuya kake gani. Yaya ne ya fara kai ni ina ɗan shekara tara, a 1979. Zai saya mini tasali, wato soyayyun ƴaƴan kankana, a ƙunshin takarda, in yi ta ɓarewa ina tofar da ɓawon a ƙasa kamar yadda na ga manya na yi. Ana kawo na Indiya, ana kawo na karate, amma ranar kaboyi daban take. Fina-finan sun tsufa kafin su iso mu, duk sun karce, wani lokaci su tsinke a tsakiya a yi ta fito ana buga benci har mai majigi ya haɗa.

Akwai fassarar Larabci a ƙasan allo, farin rubutu a kan farin rairayi, ga shi yana wucewa da sauri. A sha'ab ba mai wahalar da kansa da karatu. Tambaya ɗaya ce da zarar an fara: wane ne baɗal, wane ne ha'in? Ku a Kano kuna cewa jarumi da bos. Da an gane baɗal, magana ta ƙare, duk abin da ya yi daidai ne. In ya mari mutum, mutumin ne ya ja. In ya fizgo mace ya rungume ta tana ture shi, mun san nan da ɗan lokaci za ta daina turewa, don haka kullum ake nunawa. Ha'in ma yana mari yana fizga, sai dai shi fuskarsa ba ta da kyau kuma kiɗan da ake sa masa daban ne.

Akwai kashi na uku na maza a fim ɗin kaboyi, waɗanda ba mu ba su suna ba don ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Mai kanti, wanzami, mai buga waya, mai haɗa akwatin gawa. Su ne za ka ga suna ja da ƴaƴansu cikin gida suna rufe taga idan ƴan bindiga sun shigo gari. A High Noon na 1952, Gary Cooper ya bi gari gida-gida yana neman mai taya shi, kowa ya noƙe. Amaryarsa kuwa, wadda aƙidarta ta hana ta zubar da jini, ƙarshenta sai da ta ɗauki bindiga ta harbe mutum kafin fim ɗin ya yarda da ita. In aka nuno irin waɗannan mazan masu rufe taga, sha'ab gaba ɗaya sai a ɗauki fito da ihu.

Babanmu tela ne a kasuwar Madani.

Wata rana bayan la'asar, ina aji biyar, ina zaune a gefen kekensa ina cire masa zaren shafi, wani mutum ya zo karɓar jallabiyya. Ya ce an gajarta masa hannu, ba zai biya ba. Baba ya ɗauko littafin awo ya nuna masa. Mutumin ya ture littafin ya faɗi ƙasa, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ya ce da ma laifinsa ne da ya kawo ɗinki wurin Fallati, sunan da ake kiran irinmu masu asali daga Afirka ta Yamma. Wanda ya zauna a Sudan ya san yadda ake murɗa kalmar nan idan ana so ta yi ciwo. A Madani aka haifi Baba. Almakashi na hannunsa na dama, babba, mai baƙin mariƙi. Na zuba wa almakashin nan ido, zuciyata na bugawa, ina jira. Baba ya ajiye shi a hankali, ya sunkuya ya ɗauki littafinsa ya kaɗe ƙura, ya ninke jallabiyyar ya miƙa wa mutumin da hannu biyu, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Ya koma ya ci gaba da taka keke.

Ranar ban iya cin tuwon dare ba. Na kasa haɗa ido da mahaifina. A raina na riga na san wane ne shi a cikin fim, yana cikin masu rufe taga. Na gaya wa Yaya, shi kuma ya yi ƙwafa ya ce da yana wurin da labari ya sha bamban. Na yarda da shi, na kuma yi alfahari da shi. Lokacin ƴan unguwa sun riga sun laƙaba masa Jango, sunan jarumin wani fim ɗin Italiya na 1966 mai jan akwatin gawa a bayansa. Yakan ɗaura ɗan ƙyalle a wuya, ya maƙale tsinke a gefen baki, ya rage magana. Shirunsa na jarumta ne a wurina, na Baba kuwa na tsoro. Sai bayan shekaru Inna ta gaya mini cewa washegari Baba ya ɗauki dattawan layi biyu suka je har gidan mutumin, suka zauna, aka sha jabana, wato gahawa, aka biya kuɗin ɗinki cif, har ya rako su bakin hanya yana ba da haƙuri. Ba wanda ya gaya mini a lokacin, kuma da an gaya mini ma ba zai burge ni ba.

A 1984 labari ya sha bamban ɗin. Yaya na da shekara 21, yana aikin karo, wato keken jaki na ɗaukar kaya, a tasha. Wani saurayi ya jefe shi da kalmar nan dai, a gaban mutane, a kan rigimar layin ɗaukar kaya. Zuciya ta ɗebi Yaya, ya zaro ukkaz, sandar nan mai kauri, ya sauke masa a kai sau ɗaya.

Mun sha ganin an fasa wa mutum kwalba a kai a mashayar kaboyi, an karya masa kujera a gadon baya, ya miƙe ya kaɗe hularsa ya ci gaba da faɗa. Ba mu san kwalbar da sukari ake yin ta ba, kujerar kuma da wani icce mara nauyi da ake kira balsa. Ba mu san akwai dokar tace fina-finai a Holiwud, wadda aka tsananta daga 1934 har zuwa 1968, da ta sa mutum zai sha harsashi ya dafe ciki ya kwanta tsaf ba jini ba kururuwa. Saurayin nan bai miƙe ba. Jini ya riƙa fita ta kunnensa, ƙafarsa ɗaya na shure-shure a cikin ƙura. Yaya ya ce mini abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ƙarar, wai kamar an fasa kankana.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya rayu, amma kunnen ya tafi, hannunsa na hagu ya shanye, maganarsa ta koma ja. Lokacin dokokin Satumba na 1983 na zamanin Numairi suna aiki, maganar ƙisasi ba wasa ba ce, kuma komai ya rataya a kan ko dangin yaron za su yafe. Yaya na tsare. Inna ta yi sama da wata guda tana dafa abinci tana kaiwa asibiti, tana ajiyewa a gaban uwar da ba ta ko amsa mata sallama. Ta ajiye ta koma gefe ta zauna a ƙasa, gobe ta sake dawowa. Aka kira judiyya, wato zaman sulhu na dattawa, waɗanda ake kira ajawid. Sau uku ana zama a ƙarƙashin rumfa. A zama na uku na laɓe a bayan zana ina leƙe. Baba ya miƙe a gaban mutum kusan arba'in, ya warware rawaninsa, ya taka ya ajiye shi a gaban mahaifin yaron, ya tsaya kai ba komai. Ya ce, "Ɗana ne ya yi, ni na haife shi. Abin da kuka yanke a kaina ku yanke." Muryarsa ba ta yi rawa ba. Mahaifin yaron ya daɗe yana kallon rawanin, sannan ya ɗauka ya miƙa masa.

Aka yanke diyya. Baba ya sayar da kekensa Singer, wanda ya yi shekara ashirin yana takawa, Inna ta sayar da awakinta da ƴan kunnen aurenta. Shekara uku Baba yana ɗinki da keken haya. Ban taɓa jin ya goranta wa Yaya ba, ko sau ɗaya.

Daga baya na zama malamin tarihi a sakandare, na karanta labarin kaboyi na gaskiya, abin ya ba ni haushi ƙwarai. Ashe makiyaya ne ƴan ƙwadago. Aikinsu koro shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, tafiyar wata biyu zuwa uku cikin ƙura, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, kuma zamanin gaba ɗaya bai wuce shekara ashirin ba bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865. Duk wanda ya ga masu koro shanu da ƙafa daga Darfur zuwa kasuwar Muwailih ta Omdurman ya ga kaboyi. Da yawansu baƙaƙen fata ne da ƴan Meziko, waɗanda ba mu taɓa gani a kan farin bangon nan a matsayin baɗal ba. Wani masanin tarihi, Robert Dykstra, ya bi bayanan garuruwan shanu biyar na Kansas, ciki har da Abilene da Dodge City, ya ƙirga kisan kai 45 tsakanin 1870 da 1885. Ga ƙananan garuruwa wannan ba kaɗan ba ne, amma fim ɗaya na Italiya yakan kusa kashe haka kafin a tashi. Garuruwan da yawa ma suna da dokar hana yawo da bindiga a cikin gari.

Faɗan O.K. Corral da aka yi ta maimaitawa a fina-finai, a garin Tombstone ranar 26 ga Oktoba 1881, kusan daƙiƙa 30 ya ɗauka, mutum uku suka mutu. Abin da ya biyo baya shi ne kusan wata guda ana zaman sauraron shaidu a gaban alƙali. Bayan wata biyu aka yi wa Virgil Earp, ɗan sandan garin da aka yi faɗan da shi, kwanton ɓauna aka nakasa masa hannu, a Maris 1882 aka kashe ɗan'uwansa Morgan. Su ma can akwai rumfa, akwai uwa a bakin gadon asibiti, akwai wanda ya sayar da abin sana'arsa. Mai kyamara ne yake naɗe kayansa ya tafi kafin a kai nan.

Ba zan ɗora wa silima abin da ba nata ba. Maƙwabcinmu da ya fi kowa dukan mata a unguwa bai taɓa taka ƙofar silima ba, yana ma cewa haramun ce. Zafin zuciyar maza ya girmi majigi. Kuma fushin Yaya yana da dalili, don kalmar da aka jefe shi da ita har gobe tana ciwo, ni ma an jefe ni da ita ina sanye da rigar malanta. Wasu fina-finan ma sun fi mu hankali. The Searchers na 1956 na sake kallonsa da girma, ina jin abin da ake faɗa, sai na ga ashe mutumin da muke yi wa tafi ƙiyayya ce ta cinye shi, har yana neman kashe ƴar ɗan'uwansa don ta zauna cikin ƙabilar Comanche, kuma a ƙarshe ƙofa aka rufe aka bar shi a waje shi kaɗai. Mu a sha'ab naushin kawai muka gani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tafin da muke yi idan aka busa ƙaho sojan doki suka fito suna karkashe ƴan asalin ƙasar. Dangin Inna mutanen Mai Wurno ne, jikokin waɗanda suka yi hijira bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Da jikan mutanen Burmi ya san kisan da sojan Amurka suka yi wa ƴan asalin ƙasar a Wounded Knee a 1890, da ya san a wane gefen allon danginsa suke.

Abin da nake tuhumar fina-finan nan da shi shi ne mudun da suka ba mu na auna maza, mudu mai lanƙwasasshen gindi. Mu da muke da namu. A dambe, da hannu ko gwiwar abokin karawa ya taɓa ƙasa an yi kisa, an gama, manya na tsaye, ba mai ƙara naushi. A sharon Fulani, da buɗan da ƙabilar Ja'aliyyin ta Sudan ke yi a bikin aure, wanda ya tsaya bulala na sauka a jikinsa bai motsa ba shi mata ke yi wa guɗa. Malamanmu na allo sun karantar da mu hadisin da ke cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Na haddace shi da safe, da daddare kuma na je na yi wa masu rufe taga ihu. Da wannan mudun na auna Baba na ga bai cika ba. Uwata kuma yanzu ta ɗauki mudun nan dai ta kifa shi: tunda namiji shi ne mai naushi, to duk namiji abin tsoro ne. Ba na ganin laifinta bayan abin da idonta ya gani. Amma ita ma masu rufe taga sun ɓace mata, alhali su ne mafi yawan mazan da na sani.

Da Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojan gwamnati a Disamba 2023, mun yi mako uku a cikin gida kafin muka samu motar da za ta fitar da mu kudu, wajen Sinnar. Yaran da ke tsare hanya da bindigogi ba su san John Wayne ba, an rufe silimomin tun kafin a haife su. Amma tafiyar nan ta ƙasaita, da kallon ƙasa-ƙasa, da ɗaukar juna hoto a waya da bindiga a kafaɗa, duk na gane su. A shinge na uku aka sauke maza. Wani yaro da bai kai ɗan autan Yaya ba ya tambaye shi ƙabilarsa, ya faɗa masa. Yaron ya ɗauke shi da mari har hularsa ta faɗi. Ina tsaye kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, na ga yatsun hannunsa na dama sun dunƙule suna rawa. Yaya ko a shekara 60 ƙaƙƙarfa ne, kuma yaron ya matso kusa ƙwarai, bindigar na rataye sakaka. A cikin motar akwai matarsa, da ƴaƴansa mata uku, da tawa matar. Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ƙura, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri."

Ba mu yi magana ba har muka isa Mai Wurno. Da dare ya yi, muna kwance a tsakar gidan dangin Inna, sai na ji ya ce, "Auta, ka yi barci?" Na ce a'a, Yaya. Ya ce, "Ashe abin da Baba yake ɗauka ke nan." Ya yi kuka mara sauti, ni ma na yi.

Da safiyar Juma'a na samu uwata tana wanke kofunan shayi, na ja kujera na zauna kusa da ita. Na ba ta labarin jallabiyya, da ukkaz, da rawani, da keken Singer. Ba ta taɓa ji ba, a gidanmu ba a tayar da zancen. Ta tsaya da wanki, hannunta cikin ruwa, ta ce, "Baffa, mutumin yana raye?" Na ce mata har Ramadan ɗin 2023 yana raye, don duk shekara kafin azumi babanta yakan ɗora buhun dawa da sukari a karo ya kai masa da kansa, tun ba a buɗe masa ƙofa har aka koma ana shimfiɗa masa tabarma. Ta ce ita ta ɗauka wani ɗan'uwanmu ne ake kai wa.

Tun da muka fito ba mu san inda yake ba. Mutum ne mai hannu ɗaya, ba ya ji sosai, ba ya iya sauri. Duk lokacin da intanet ta dawo, Yaya yakan sa ɗansa ya duba masa shafukan cigiya na mutanen Madani a Facebook. Jiya da yamma na ga uwata ta karɓi wayar daga hannun ƙaninta, ta zauna a bakin angareb ɗin babanta, tana karanto masa sunaye ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana girgiza kai yana cewa ta ci gaba.